Bidiyon da Na Ɗauki Yayana da Ɗankwalin Umma

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Shekarata goma sha biyar, a ƙasar waje muke, a wata unguwa da ake kira Wangsa Maju, Abbanmu malamin jami'a ne. Yayana ya girme ni da shekara biyu. Duk matan Hausawan benenmu sun san shi, don babu wanda ya kai shi iya ɗaurin ɗankwali. Ranar Sallah layi suke yi a falonmu, shi yana riƙe da fil a baki yana naɗawa, su suna cewa, "Kai, yaron nan hannunka akwai albarka!" Ya taɓa ce min, muna wanke-wanke, "Auta, ni fa ba kamar sauran maza nake ba, kuma ba ni na zaɓa ba." Na dai miƙa masa faranti.

Da aka kulle gari saboda korona, wata rana ina kuka don na gaji da zaman ɗaki, sai ya ɗauko ɗankwalin Umma mai ruwan goro ya kafa ɗauri a kansa, yana kwaikwayon tafiyar wata maƙwabciyarmu. Na yi dariya har da hawaye, na ɗauke shi a waya. Ni ba ni da ƙawaye, a ajinmu na intanet ko gaisuwata ba a amsawa, sai na tura wa wata yarinya 'yar ajinmu bidiyon don kawai ta ce ina da ban dariya. Mutum ɗaya fa! Kafin sati ya zagayo bidiyon ya shiga group ɗin samarin Najeriya, sun sa masa kiɗa, sun rubuta "ɗan daudun Wangsa". Duk lokacin da ya buɗe kyamara a darasi sai wani ya rubuta da salon maganar 'yan ƙasar nan, "Hajiya, ina mayafin lah?" Matan nan da ya yi wa ɗauri shekara da shekaru, su ne suka riƙa kiran Umma suna jajanta mata kamar an yi mutuwa. A wace Sallar ce ba su ga yadda yake ba? Lokacin da suke son kansu ya yi kyau ai ɗan albarka ne.

Abba ya mare shi a gabanmu, ya ce da an saki jirage Kano zai tafi wurin Kawu a mayar da shi namiji. Daga baya Yaya ya same ni a kicin ya ce, "Auta, wa kika tura wa?" Na rantse ban tura wa kowa ba, na ce ƙila kutse aka yi wa wayar. Ya kalle ni ya ce, "Na yarda da ke."

Yanzu ba ya magana. Ina lura da shi: shinkafarsa yana tura ta gefen faranti don a zata ya ci, ya juya madubin ɗakinsa ya fuskanci bango, ya koyi taka ƙasa da ƙarfi in Abba na gida. Jiya muna shanya a baranda, hawa na goma sha huɗu, ya leƙa ƙasa ya ce, "In mutum ya tafi gaba ɗaya, kina ganin Umma za ta huta da wayoyin nan?" Na ce ya daina wasa. Ya yi murmushi ya ce kada in gaya wa kowa.

In na gaya wa Umma, Abba zai ji, a kira malami a yi masa ruƙiyya ta waya a ƙara cewa aljanu ne. In na yi shiru, ina tsoron barandar nan. In kuma na faɗa masa ni na tura, mutum ɗayan da ya rage masa a gidan nan ita ma ya rasa ta. Don Allah ban zo a faɗa min hukuncinsa ba, ya ji wannan daga bakin kowa. So nake yayana ya rayu. Me zan yi?