Ciyawar Da Kunka Kashe A Filin Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Filin Ƙwallo na garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya, ni dillalin albasa ne, kasuwar Aliero ta san muryata. Filin da kuke gyara gonar marigayi mahaifina ce, shi ya ba gari ita kyauta don yara su samu wurin guje-guje. Don haka ina da bakin magana.

Na ɗaya. Ciyawar kirikiri ce a filin tun ina yaro. Ba mai ba ta ruwa. Shanun Fulani su kwana kanta bayan girbi, samari su tattake ta har rani ya ƙare, ruwan fari na sauka ta tashi kore shar. Bara kunka sa anka kankare ta da fartanya, wai ciyawar awaki ce.

Na biyu. Kunka kawo wata mai laushi daga birni. Ranka ya daɗe, na daɗe ina saye da sayarwa, kayan da ya cika sheƙi ina juya shi in dubi ƙasansa. Wanga iri ruwa yake sha safe da marece, mu kuwa rijiyarmu ko albasa ba ta ƙosarwa.

Na uku, wanda ya fi ci mani rai. Da yake duk manoman albasa ne mu, sai anka ja mata fangali-fangali kamar za a dasa albasa. Ciyawar ta ƙone kafin zafi ya kai tsakiya, kunyoyin fangalin sunka rage. Ɗan ƙanena ya gurɗe ƙafa a kansu. Yanzu ba mai wasa, har na ji ana raɗe-raɗin yanka filin a yi shaguna. Na ji daɗi tsoho bai ga wannan ba.

Roƙona: a baje kunyoyin, a ɗebo saiwar kirikiri a bakin fadama a dasa farkon damina, a buɗe ma shanu shingen da kunka kewaye filin da shi.

In kuna shakka, ku leƙa kusurwar gabas inda shingen ya faɗi, awaki ke shiga. Nan kaɗai ke da kore. Kirikirin ta komo da kanta, ba ta riƙe mu da komai ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da mu lafiya.

Wassalam,
Naka, ɗan mai gonar.