Marainiyar da Ubanta Ke Layi na Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyarmu. Ta fara zama kuwa? Ni ma lafiya lau, sai karatun jarrabawa.

Yaya, ina da labari. Jiya Gwaggo ta zo makaranta a doguwar mota mai hoton Injiniya a jiki. Kin san ita ce shugabar mata magoya bayansa tun da ya fito neman tikitin takarar gwamna a jam'iyyarsu. Ta ce ranar Asabar zai yi taro kafin zaɓen fidda gwani, ana son ɗaliba ta karanta jawabi a kan ilimin 'ya'ya mata. Shugabar makaranta ta amince ni in karanta. Kin san halina, ko a aji aka ce in tashi sai muryata ta kama rawa. Amma Gwaggo ta ce, "Ke dai ki kalli takarda, wa ya ce ki kalli mutane?"

Baba ne damuwata. Yana cikin wakilan da za su yi zaɓen, kuma kowa ya san Likita, abokin karawar Injiniya, yake goyon baya. Na kira gida don in nemi izininsa, sai Umma ta ce mutanen Likita sun kwashe wakilansu sun kai otal, sun karɓe wayoyinsu don kada ɗaya ɓangaren ya janye su. Baba da ba ya iya wuni babu zarto a hannunsa, wai shi ne zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon talabijin!

Ki yi mini addu'a kada in ba da kunya.

Ƙanwarki,
Auta.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Na san labari ya riga wasiƙar nan isowa, amma ina so ki ji daga bakina.

Sai da muka shiga mota Gwaggo ta miƙo mini takardar. A layi na uku an rubuta cewa ni marainiya ce, mahaifina ya rasu ina ƙarama, gidauniyar Injiniya ce ta riƙe karatuna. Ashe akwai yarinyar da aka rubuta jawabin dominta, tsoro ya hana ta zuwa. Na ce, "Gwaggo, ai Baba yana da rai." Ta ce, "To takarda ce za ta kashe shi? Yana can a kulle a otal, wa zai gaya masa?"

Yaya, ba zan ɗora mata duka ba. Tafiyar rabin awa muka yi. Na karanta layin nan ya fi sau goma, ban ce a tsayar da mota ba. Kunyar in yi wa babba musu ce ta rufe mini baki, sai kuma son a tafa mini. Wannan na biyun ban taɓa gaya wa kowa ba.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, dattawan jam'iyya sun ce dole a haɗa duk wakilai a zaure ɗaya, 'yan takarar biyu su yi musu magana. Ni kuwa kaina yana ƙasa har aka tsayar da ni a gaban teburin jawabi. Da na dafa shi na ji an goge kusurwoyinsa sun yi sumul, yadda Baba yake yi wa kowane teburi don kada ya yanki yaro. Aikinsa ne. A kansa na karanta cewa ba ni da uba.

Wasu mata har da share hawaye. Da aka fara tafi na ɗaga kai. Ga Baba a layi na huɗu, da hularsa ta zuwa taro. Bai tafa ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Kallona kawai yake yi kamar yadda yake kallon katakon da ya tsage a hannunsa. Mai gyaran rediyo na unguwarmu yana gefensa, ya ɗaga murya ya ce, "Kafinta, Allah ya jiƙanka! Yaushe aka yi, ba mu samu jana'iza ba?" Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya.

Ban san yadda na sauko ba. Injiniya ya ce mini "'yata", aka ɗauke mu hoto. Daga nan Gwaggo ta dawo da ni makaranta.

Kwana uku ke nan ban iya cin abinci sosai ba. Don Allah ki gaya mini yadda ake ba uba haƙuri a kan irin wannan.

Ƙanwarki,
Auta.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Ina gaida Umma.

Baba, na rubuto ne domin idan na tsaya a gabanka ba zan iya magana ba. Na ga layin tun a mota. Ba wanda ya tilasta mini. Ka yafe mini.

Umma ta ce yanzu a bakin shago ba a kiranka sai da Marigayi, har masu kawo gyaran kujera. Ta kuma gaya mini abin da ya fi wannan yi mini nauyi. Wai da safiyar zaɓe mutanen Likita sun same ka, suna so ka tsaya a gaban 'yan jarida da takardar haihuwata da hotona, ka nuna Injiniya maƙaryaci ne, ko wakilai su juya masa baya. Ka ce musu ƙuri'arka ta Likita ce, amma 'yarka ba fosta ba ce. Da Likita ya faɗi da ƙuri'u kaɗan, wasunsu suka ce kai ka jawo, suka daina gaishe ka.

Ni na ce ba ni da uba a gaban mutane, kai kuma ka yarda a ci gaba da kiranka mamaci don kada a kira ni maƙaryaciya.

Ofishin Injiniya ya aiko wa makaranta takarda cewa an sa ni cikin marayun da gidauniya za ta kai jami'a. Shekaranjiya na je wurin shugabar makaranta na gaya mata gaskiya, na roƙi a mayar da sunan waccan yarinyar. Muryata ta yi rawa, amma na kai ƙarshe. Ta ce ranar Litinin zan maimaita a gaban ɗalibai.

Lahadi ce ranar ziyara. Idan ba ka zo ba, na san dalili.

'Yarka,
Auta.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Wannan gajeruwa ce, an kusa kaɗa ƙararrawa.

Ya zo. Mai gadi ya aiko a kira ni yana ta dariya, wai wani mutum ya ce a gaya mini Marigayi ne yake sallama. Na fito na same shi a bakin ƙofa. Na durƙusa na fara jero abin da na haddace, sai ya ce, "Tashi, ɗauko akwatin nan naki da Umma ta ce murfinsa ya ɓalle." Ashe da guduma da ƙusoshi ya zo. Ya zauna a ƙarƙashin bishiya yana gyara, ni ina miƙa masa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ina kuka. Wasiƙar da na rubuta masa kuwa, na hango ta a aljihun rigarsa.

Da zai tafi aka ba shi littafin baƙi. A gurbin dangantaka ya rubuta "Uba", ya danna biro har ya huda takardar. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ne taron Litinin, wai zai rufe shago ya zo. Ya ce wannan karon a layin farko zai zauna.

Ki sumbatar mini jaririya.

Ƙanwarki,
Auta.