Yara Goma Sha Tara a Bakin Rijiya

Gwiwa, Litinin

Zuwa ga matata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Babura. Yaya ƙafar Inna?

Jibi Madam Priscilla za ta zo daga kwaleji ta duba koyarwata. Kin san sharaɗin da aka gindaya mana: in ban samu shaidar malanta bana ba za a sallame ni, duk da shekara goma sha bakwai da na yi riƙe da alli. Tana zuwa ne da takardar ƙa'idojin aikin malanta. Na kwafe su a littafina, kullum ina ba kaina maki, ban taɓa wuce rabi ba.

Hedimasta ya ce in yi yadda aka saba. In maimaita wa yara darasin sau uku, ranar kuma in tura waɗanda ba su iya karatu ba su ɗebo ruwa har baƙuwa ta tafi. Su goma sha tara ne. Babbarsu Shatu, da ke zuwa a makare saboda tatsar shanu. Zuciyata ba ta so, amma na amsa.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Sama'ilu

Gwiwa, Alhamis

Ikilima,

Bayan gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya.

Ta zo. Darasi ya tafi sumul, kowace tambaya hannuwa a sama. Da na gama sai ta nemi rajista. Sunaye hamsin da takwas a rubuce, yara talatin da tara a aji. Ta ɗora yatsa a kan ƙa'ida ta huɗu, wadda ta ce malami ya san kowane ɗalibinsa, ya kai darasi ga mai rauni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta zo ne ta ga abin da nake yi da yaron da bai gane ba, tun da ba ta gani ba, ba ta da abin rubutawa. Ta bar gurbin fayau. Za ta dawo sau ɗaya, ba sanarwa, daga nan shi ke nan. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Yau da safe wata mota ta tsaya a bakin makaranta. Kafin in buɗe baki Shatu ta miƙe, sauran goma sha takwas suka bi ta, suka ɗauki bokitai suka nufi rijiya. Motar masu rigakafi ce.

Na duba littafina tun daga farko, Ikilima. Ban taɓa koyar da darasin da ya zauna da sauri haka ba.

A gaida yara.

Mijinki,
Sama'ilu