Layukan Maka a Kan Tef

Litinin, 3 ga Maris
Yau na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ƙa'idar ɗakin gwajinmu ita ce, duk ledar sharar bakteriyar da ɗalibai suka sauya wa halitta sai ta shiga tukunyar tururi, zafi ya kashe komai. Tef ɗin da muke manna mata shi ne shaida: in ta dahu, baƙaƙen layuka su fito. Na ɗaga wata leda, sai na ga layukan sun karkace. Na goga auduga da sifirit, suka goge tas. Da maka, alƙalamin nan mai baƙar tawada, aka zana su! Shekara goma sha tara ina kula da ɗakin nan, ni za a raina wa hankali?

Talata, 4 ga Maris
Iya mai shara ce ke kwashe ledojin, rungume a ƙirji. Na hana ta taɓa su. Shugaban sashe ya ce in kawo suna kafin Juma'a ta wuce. Wanda ya yi, za a cire shi daga aikin binciken bakteriyar, ya maimaita shekara.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗalibai huɗu ne a aikin. Zargina na kan Dogo. Gaisuwarsa ta yi yawa kwanan nan, har da rusunawa. Ruwa ba ya tsami banza. Na ga maka a aljihun farar rigarsa, amma kowa na da maka, har ni.
Maiɗakina ta ce tun Litinin nake kallon kowa kamar ɓarawo, har 'ya'yana. Ban kula ta ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na riga na rubuta sunan Dogo, sai ga Mai Gilashi, ɗaya daga cikin su huɗun, wadda ko tari ba ta yi a gabana. Ta ce ita ce. Wai aikinsu ba ya ƙarewa sai biyar, ni kuma uku da rabi nake kulle ɗakin tukunya in tafi da makulli. Sau uku ta roƙe ni in jira, na ce ni ba yaron gidansu ba ne. In kuma leda ta kwana a kan tebur, ni ke kai ƙara.
Na ce ai da ta kashe Iya da ciwo.
Ta fashe da kuka. "Baba, wallahi mun fi tsoronka a kan abin da ke cikin ledar."
Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ita ko da wa, oho.

Juma'a, 7 ga Maris
Na yaga takardar Dogo. Allah ya yafe mini.
Na rubuta komai yadda ya faru. Suna biyu na sa, nawa a sama. Shugaba ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

Litinin, 10 ga Maris
An ba ta gargaɗi a rubuce, ba a cire ta ba. Ni ma an ba ni nawa, a waɗannan shekarun nawa.
Yau biyar da rabi muka loda tukunya, ni da su huɗun. Dogo ya tambayi awon zafin, na nuna masa, ban ɗaga murya ba. Kada dai su ɗauka don su na zauna. Dama a wannan lokacin cunkoson hanya ya fi raguwa.