Guɗa a Gidan Ba'ana

Lahadi, 23 ga Yuni, 2019

Hassana ce ke rubutawa, 'yata. Ni baki kawai nawa. Malamar asibiti ta ce in riƙa faɗa ana rubutawa, wai zan samu barci. To.

Jiya bayan magariba sai ihu, unguwarmu Moduganari gaba ɗaya. Na suri ƙunshin kayana na yi bayan ɗaki. Ashe ƙwallo ce, Najeriya ta ci. Ni da na tsufa ina suyar ƙosai a gefen teburin shayin marigayi mijina a Fotokol, talabijin kan benci, maza na gardama a kaina. Ni ce yau ban gane ihun ƙwallo ba.

Talata, 25 ga Yuni

Yau namu ke wasa, Kamaru. Ban ce a kunna ba.

Ba wanda ya san daga can nake sai Hassana da mijinta Umara. Ba ni da takardar ƙasar nan. Na ga yadda ake sauke mutane a hanya da muna zuwa. In an tambaye ni sai in ce Gamboru, ai gada ce kawai tsakani. Allah Ya yafe mini. In aka mai da ni, wurin wa zan je? Ƙunshin yana bakin ƙofa a ɗaure. Kar wanda ya taɓa.

Laraba, 26 ga Yuni

An ce namu sun ci jiya. Na yi murna a cikin bargo.

Laraba, 3 ga Yuli

Maƙwabcinmu Ba'ana ɗan gora ne, cikin masu tsaron unguwa. Dogo, ba ya yawan magana. In na ji takunsa sai in shige ɗaki. Matarsa Siddiƙa ta kawo mini kunun gyaɗa, wai ran Asabar in shigo kallo, suna da janareta. Na ce da wa za a yi? Ta ce da Kamaru.

Na ce ban san ƙwallo ba. Hassana, daina dariya ki rubuta.

Lahadi, 7 ga Yuli

Yau Siddiƙa ke rubutawa. Hassana ta kasa riƙe biro, dariya.

Na je. Na ce zan zauna can baya cikin mata, in ja mayafi, in yi shiru. Najeriya ta fara ci, suka yi ihu, na tafa kaɗan don a gani. Namu suka rama, na ciji mayafi. Ba a jima ba sai ga yaron namu ya tsere da ita shi kaɗai, ba kowa gabansa sai gola. Ban san lokacin da na miƙe ba. Guɗa na rangaɗa, irin ta kai amarya, irin wadda nake yi a Fotokol har masu shayi su ƙware.

Tsit. Janareta kawai ake ji.

Ba'ana ya juyo. Na ce shi ke nan. Abin da ya zo mini, ko takalmana suna kusa.

Ya ce, "Kaka Kaltum, a gidana? A kan tabarmata? Da man janaretana?"

Na ce kuskure ne ɗana, idona ba ya gani.

Ya ce, "Idon da ya ga satar gida ɗazu kafin alƙali ya gani? Ina jin ki kina gunaguni."

Aka kwashe da dariya. Sai ya taso ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya. Wai tun ranar da na sauka Umara ya kai sunana wurin bulama, mai unguwa, haka ake wa kowane baƙo, da garina da komai. Wai shekarar da Gamboru ta watse, mahaifiyarsa a Fotokol ta yi damina. "Zauna, Kaka. Amma wallahi yau sai kun sha kashi."

Muka kuwa sha, uku da biyu. Har ƙofar gida suka rako ni suna cewa in ƙara guɗar.

Alhamis, 11 ga Yuli

Yanzu ko gawayi na fita saya sai "Kamaru, ina kwana?" Ba'ana ya ce kar in sake zama baya, in dawo kusa da talabijin in riƙa gaya musu laifin alƙali.

Na tambayi Umara me ya hana shi gaya mini zancen bulama. Ya sunkuyar da kai. Wai ya ga ko sunan bulama aka ambata ba na cin abinci.

Litinin, 15 ga Yuli

Aljeriya ta fitar da Najeriya jiya, ana dab da tashi. Wa ya ce a yi ƙeta a bakin gida a irin wannan lokaci? Na faɗa, na faɗa, ba wanda ya ji.

Ban ci tuwo ba. Cikina ne, ba wani abu ba.

Koren zanen da na ɗaura jiya, Siddiƙa na ta tsokana. Ai namu ma kore suke sawa. Yana can ƙasan ƙunshin ne, dole sai da na kwance duka. Hassana ta zuba sauran kayan a akwatinta, ban hana ta ba.

Ban sake ɗaurewa ba. Yatsuna ke ciwo. Rubuta haka.