Da hannuna na kwaɗa wa ƙanwata zogale

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah a yi mini sassauci, zuciyata ma ba ta bar ni na huta ba.

Ina sayar da kwaɗon zogale a Jibiya, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa kafin su ƙetara zuwa Maraɗi. Da hannu nake kwaɗawa, kuma ba na wanke hannu da sabulu, ruwan buta kawai, don tun a gida aka koya mana ƙamshin sabulu yana ɓata ƙuli-ƙuli. Kwanakin baya jikina ya mutu, fitsarina ya koma kamar shayi, idona ya yi ɗorawa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Hajiya, cutar da ake ci a abinci iri-iri ce. Akwai mai amai da gudawa, ta yi kwanakinta ta wuce. Taki mai laɓewa ce, sai ta yi makonni a jiki kafin ta kama hanta, kuma ta fi yi wa mai ciki illa. Ki ajiye sana'a har ki warke, ki riƙe sabulu, ki tafasa ruwa."

Na ce to. Gari na wayewa na rambaɗa kwalli, na sauke mayafi har gira, na ɗauki robata. Wa zai bar wurinsa a bakin iyaka? Kafin ka dawo wata ta dasa kujera.

Abin da ke cin raina, ƙanwata da ke aure a Bugaje tana da tsohon ciki, ba abin da take iya ci sai kwaɗona, kullum ina aika mata. Jiya na je duba ta, na tarar ta kwanta, farin idonta irin nawa sak. Surukarta ta ce maiƙo ne ya yi mata yawa, tana ta ɗura mata jiƙo, ba mai zancen asibiti. Ni kaɗai na san asalin abin, kunya ta ɗaure mini baki. In na faɗa, da wane ido zan kalli mijinta? In na yi shiru fa, rai biyu?

Da zan fito ta riƙo hannuna, wannan hannun dai, ta ce, "Yaya, mi ya hana ki kawo mani yau? Naki kaɗai ka zama a cikina."

Tsoro nake ji, wallahi. Me zan yi?