Madarar Gwangwani Ta Shigo Gidanmu

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya Saratu da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Kafanchan da sauƙi, amma a baki kawai.

Bara na ji ana cewa madarar gwangwani tana kashe jarirai. Na yi dariya, na ce abin da aka manna hotonsa a bangon asibiti ba zai yi kisa ba. Sai ga shi ɗana Yohanna ya hana matarsa ba jaririyarsu nono, wai ƙauyanci ne, sai dai madarar gwangwani. Da ruwan rijiyarmu ake dama madarar. Sati uku ke nan yarinyar tana zawo, ta koma kamar ɗan tsako, nonon uwar kuma ya ƙafe.

Na yi tambaya a coci ko madarar ce ta jawo haka, 'yan boko suka ce tsoho zai mai da mu cikin duhu. Tsofaffi suka ce ai ni na kai ɗana makaranta. Ba wanda ya tambayi jikin yarinyar.

Ku sa mu a addu'a, tawa ta gaji. Ka gai da mutanen gida. Maganar nan kuwa ta cewa madarar tana kashe jarirai, wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe Yohanna ne, jiya, a bayan rumbu, yana kuka.

Yayanka,
Ayuba